Me Zan Karanta, Ustaz?

Wani tsohon ɗalibina ya tare ni a kasuwa ran nan. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ustaz, me zan karanta? Wallahi na gaji da waya." Na yi masa alkawarin jerin sababbin littattafai irin wanda jaridun waje ke fitarwa, na tarihin rayuwa da kimiyya da siyasa da lafiya. Da na zauna rubutawa sai na ga tsarinsu ba zai yi mana ba. A nan Ƙala'at an-Nahal, sabon littafi shi ne wanda bai taɓa zuwa hannunka ba, ko da ya girmi mahaifinka.

Kuma na san abin da ke cin yaron. Tun rikicin Nilul Azraƙ na watan Yulin 2022, inda aka rasa rayuka fiye da ɗari a Rusairis da kewaye kan maganar ƙasa da sarauta, samarinmu ke shan kalmar "baƙi" a mota da makaranta da Facebook. Amsarsu ba ta wuce zagi ko shiru. Don haka na fara jerin da littattafan da aka rubuta a kanmu, waɗanda mu da kanmu ba mu karanta ba.

Na farko shi ne Maiurno na Mark Duffield, wanda ya fito a 1981. Littafi ne mai nauyi, cike da lissafin jari da ƙwadago, ba zan ce yana da daɗin karatu ba. Amma garin da ya yi nazari a kai hujja ce tsayayya. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, har suka sauka a bakin kogi kusa da Sinnar wajen 1906. Ku lissafa da kanku: shekara hamsin ke nan kafin Sudan ta samu 'yanci a 1956.

Na biyun kuwa ni da shi muna da 'yar gardama. Permanent Pilgrims na C. Bawa Yamba, 1995, ya bi Hausawan Wad Madani da ƙauyukan Jazira, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunne da aka haifa a nan amma har yanzu suna cewa su alhazai ne a kan hanyar Makka. Gaskiya ya faɗa, don ni ma na ji irin wannan magana daga bakin tsofaffinmu. Sai dai abin da tsoho ke nufi da ita tawali'u ne, wato duniya ma zango ce. Wanda ke son ƙwace gonarka kuwa ji zai yi ka amsa da bakinka cewa wucewa kake. Ina so matasa su karanta shi don su ga yadda kalma ɗaya ke zama ibada a masallaci, ta zama makami a gaban kwamitin filaye.

In an gama da shi sai a ɗora da Neither Settler nor Native na Mahmood Mamdani, 2020. Babinsa na Sudan ya nuna yadda mulkin Ingilishi ya yanka ƙasa gida-gida, kowace ƙabila da "dar" ɗinta, wanda ba shi da ita ya zama baƙo ko kakansa a nan aka binne. Mai son sanin yadda aka taho daga faɗuwar Bashir a 2019 zuwa juyin mulkin Oktoban 2021, ya nemi Sudan's Unfinished Democracy na Willow Berridge da abokan aikinta uku, 2022. Ya fito kafin yaƙin 15 ga Afrilun 2023, amma mutanen da ke ciki su ne dai.

A tarihin rayuwa biyu na zaɓa, duk tsofaffi. Baba of Karo, 1954, labarin wata Bahaushiya ce da ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau ta ba ta tarihinta: aure-aurenta, harin masu kama bayi, zuwan Turawa, kishiyoyi da ƙawaye. 'Yan mata, wannan naku ne, muryar kakarku ce kafin a yo gabas. Ɗayan shi ne Tarikh Hayati na Babikir Badri, wanda ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, aka kama shi, ya dawo ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907. Mutum ne da ba ya ɓoye laifinsa, abin da ya yi wuya a rubutun manyanmu.

Kimiyya da lafiya na haɗa su wuri guda. The Ghost Map na Steven Johnson, 2006, labarin kwalara ne a Landan a 1854, lokacin da masana ke cewa wari ne ke kawo ta. Likita John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, ya gano famfo ɗaya suke sha, aka cire masa hannu. Duk wanda ya ga kwalarar daminar 2024 a Gadarif, kuma yana shan ruwan hafiri, ba sai an yi masa sharhi ba. A gida kuma a ajiye Where There Is No Doctor na David Werner, akwai fassararsa ta Larabci. Abin da har yau ban riƙe a hannuna ba shi ne ɗan littafi da Hausa kan kala'azar, cutar da ke kumbura saifar yaranmu, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda mai zama a tsagogin baƙar ƙasa da cikin talha da aduwa ke yaɗawa. Muna da 'ya'ya likitoci. Shafi talatin ya isa.

Na san ƙorafin: yawancinsu da Ingilishi suke, yaranmu kuwa da Larabci suka yi karatu, Hausar boko ma da ƙyar. Haka ne. Shi ya sa na ba yaron Badri ya fara da shi, sauran kuma muka yi shawara duk ranar Alhamis bayan la'asar in karanta babi guda in fassara musu da baki. Makon jiya su bakwai suka zo, har da wani dattijo da ya ce shi sunayen zangunan da mahaifinsa ya bi daga Barno zuwa Jinaina yake so a rubuta masa kafin ya manta.