Akwati Da Fitila Kafin Kyamara

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan kifaye da murjani da ake ɗaukowa daga ƙarƙashin Bahar Maliya, da wuya bai tambayi kansa ba, shin wace irin kyamara ce take wannan aiki? Ita ce kuma tambayar da sabon mai nutso yakan fara yi idan ya tashi sayen kayan aiki. Sai ya zuba kusan duk abin da ya tara a kan kyamara mai tsada, sa'an nan ya nemi akwati mai araha da ɗan canjin da ya rage. An yi tuya ke nan an manta da albasa. A ra'ayina, akwatin da zai kare kyamara daga ruwa, da fitilar da za ta haska mata, su ya kamata a fara zaɓa. Dalilaina kuwa uku ne, kuma duk suna cikin darussan kimiyya na sakandare, wato matsin ruwa, da karyewar haske, da ɓacewar launi.

Tarihi ma haka ya nuna. A shekarar 1893 wani masanin halittu ɗan Faransa mai suna Louis Boutan ya fara ɗaukar hotuna a ƙarƙashin teku a garin Banyuls. Wahalarsa duk ta ƙare ne a kan ƙera akwatin ƙarfe da neman haske, domin akwai hoton da sai ya jira kusan minti 30 kafin ya kamu. A 1926 kuma, lokacin da William Longley da Charles Martin suka ɗauki hotuna masu launi na farko a tekun Fulorida ta Amurka, sai da suka riƙa kunna garin magnesiyam a kan wani ɗan kwalekwale a saman ruwa domin su samu haske. Kyamarori sun sauya ƙwarai tun daga wancan zamani, amma ruwa yana nan da halinsa.

Mu fara da matsi. Duk mita 10 da mutum ya nutsa a teku, ruwa yana ƙara danna shi da nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Ɗalibi ya ɗauki alƙalami ya lissafa. Idan murfin akwati yana da tsawon santimita 15 da faɗin santimita 10, fuskarsa murabba'in santimita 150 ke nan. A zurfin mita 30, nauyin da ke danna wannan ɗan murfi ya kai kilo 450, wato buhun siminti tara. Saboda haka abin da za a fara dubawa a jikin akwati shi ne zurfin da masu ƙera shi suka ce zai iya jurewa. Masu nutso don nishaɗi ba sa wuce mita 40. Akwatunan roba mai tauri, irin na kamfanin Ikelite, sukan kai mita 60, na alminiyam kuwa irin na Nauticam sukan kai mita 100, sai dai sun fi tsada. Kada kuma a ruɗu da rubutun da ke cewa kyamara ba ta jin ruwa, domin ƙaramar kyamarar GoPro mita 10 ce iyakarta idan babu akwati.

Duk ƙarfin akwati, amanarsa tana hannun wani siririn zoben roba ne da ke zagaye da bakin murfi. Idan an rufe, zoben yana matsewa ya toshe hanyar ruwa. Silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi da ta kwanta a kansa ta isa ta buɗe wa ruwan gishiri ƙofa, shi kuwa ruwan gishiri in ya shiga kyamara to ta gama yawo. Wanda yake ganin zoben roba ƙaramin abu ne, ya tuna da kumbon Amurka mai suna Challenger, wanda ya tarwatse a 1986 da mutum bakwai a ciki, saboda sanyi ya daskarar da irin wannan zobe a jikin rokarsa. Don haka a zaɓi akwatin da ake iya ciro zobensa a duba, kuma ake samun madadinsa a kasuwa. A shafa masa man silikon kaɗan kawai, domin in ya yi yawa yashi yake kamawa. Akwatunan yanzu da dama suna da ɗan famfo da ake zuƙe iskar ciki da shi tun a tudu, in akwai kafa sai fitila ta nuna. Kuɗin wannan na'ura bai kai na kyamarar da za ta tsirar ba, kuma rigakafi ya fi magani.

Dalili na biyu shi ne karyewar haske. Kowa ya san yadda ludayi yake bayyana kamar ya karye idan aka tsoma shi a ruwa. Haka haske yake lanƙwasa idan ya fito daga ruwa ya shiga iskar da ke cikin akwati. Idan tagar da ke gaban idon kyamara shimfiɗaɗɗiya ce, abu zai ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, filin da kyamara take gani kuma ya tsuke. Wannan alheri ne ga mai son ɗaukar ƙananan halittu kamar jatan lande. Amma wanda yake son ɗaukar garken kifi ko ɓaraguzan jirgin ruwa, taga mai siffar kifaffen ƙoƙo yake bukata, domin ita ce take mayar wa kyamara da faɗin ganinta. Ashe ke nan sai mutum ya san abin da zai ɗauka kafin ya san tagar da zai saya.

Na uku shi ne launi. Ruwa yana shanye launukan hasken rana ɗaya bayan ɗaya. Ja ne yake fara ɓacewa, tun a wajen mita 5, sai ruwan goro, sai rawaya, har a ƙarshe shuɗi kaɗai ya rage. Jan murjani a zurfin mita 20 toka-toka ake ganinsa. Maganin abin shi ne mai nutso ya tafi da haskensa, ya kuma matsa kusa, domin ita ma fitilar walƙiya ba ta da wani amfani in abin da ake ɗauka ya wuce mita ɗaya ko biyu. Har ila yau, bai kamata fitila ta zauna daf da idon kyamara ba. Direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo ya san cewa ƙura kawai yake haskawa. Haka tarkacen da ke yawo a ruwa suke cika hoto da ɗigo-ɗigon fari. Shi ya sa ake ɗaura fitilu a kan dogayen hannuwa su haska daga gefe.

Wani zai ce ai kwamfuta tana gyara launi, ko kuwa a sa jan gilashi a gaban kyamara. Gaskiya ne suna taimakawa a ruwa marar zurfi. Sai dai jan gilashi rage sauran launuka yake yi, ba ya ƙirƙiro jan da ya ɓace, ita ma kwamfuta ba ta iya dawo da abin da bai shiga kyamara ba. Wani kuma zai ce kyamara mai kyau ita ce jari mai ɗorewa. A nan ma ban yarda ba. Kowane akwati ɗinkin jikin kyamara ɗaya ne, kuma akwai kyamarori da yawa da ba a ƙera musu akwati ba sam. Fitilu da hannuwansu kuwa suna iya yi wa kyamara uku ko huɗu hidima a jere.

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye, wato iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa. Mai nutson da hoto ya ɗauke masa hankali yakan manta da duba yawan iskar da ta rage masa, yakan kuma taka murjani da ƙafa, alhali wasu nau'o'in murjani santimita ɗaya kacal suke ƙaruwa a shekara. Sabon mai nutso ya haƙura da kyamara tukuna har sai ya ƙware. In ya sayi akwati, ya fara nutsa da shi babu komai a ciki sai takarda mai laushi, in ta fito a bushe to madalla.

Ga malamanmu kuwa, wannan batu dama ce ta koyarwa ko da makaranta ta yi nisa da teku. A huda gorar roba a wurare uku daga sama zuwa ƙasa, a cika ta da ruwa, ɗalibai su ga wace kafa ce ruwanta ya fi fita da ƙarfi. Ɗalibin da ya fahimci dalilin haka, ya riga ya san abin da zai fara tambaya ranar da ya je sayen akwati.