Kallo Ba Bauta Ba Ne: Martani Ga Masu Cewa Na Yi Ridda A Dajin Osun



Ranar Lahadin da ta wuce ƙanina ya kawo mini ziyara daga Gusau. Bayan ya huta sai ya ce, "Yaya, ina ne dajin nan na Osogbo da ake nunawa a talabijin, mai gine-ginen siminti masu ban tsoro?" Kunya ta kama ni. Shekarata goma sha bakwai a garin nan, ban taɓa taka ƙafata wurin ba. Na ɗauke shi a babur muka je, muka biya kuɗin shiga, muka zagaya, muka dawo kafin la'asar.

Da dare a teburin mai shayi na ba da labari. Ban rufe baki ba aka yi mini caa. Wani ya ce in sake kalmar shahada. Wani ya ce a nemo mai ruƙiyya. Wani matashi da bai kai shekara ashirin da biyar ba ya ce da za a ba shi guduma da dare ɗaya, da ya gama da su. Aka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, kuma maganar yaron nan ce ta sa na zauna yin wannan rubutu.

Bari in fara da abin da idona ya gani, tunda yawancin masu yanke mini hukunci ba su taɓa zuwa ba.

Tun daga bakin hanya katangu ne na siminti, amma babu wadda ta miƙe kamar katangar gida. Suna lanƙwasa, suna murɗewa, fuskoki suna leƙowa daga jikinsu da manyan idanuwa. Akwai wata siffa da suke kira Iya Moopo, mai tsayin gidan bene, hannuwanta sun fi biyu, ƙafafunta sun bazu a ƙasa kamar saiwar rimi. An ce mana ita ce suke dangantawa da sana'o'in mata, irin su ginin tukwane. Akwai wata siririya mai suna Ela, ta miƙa hannu sama kamar za ta taɓa gajimare. Akwai wani gini da rufinsa ya ɗaga kamar bakin wata dabba da ba a taɓa gani ba. Birai na tsalle a kan itatuwa, kogin yana gudana a ƙasa, ga wata tsohuwar gada mai lilo tun ta zamanin Turawa.

Ni ba masanin zane ba ne, ɗan kasuwa ne. Abin da zan iya cewa shi ne, kamar ka yi mafarki ka farka, ka tarar an gina mafarkin da siminti. Ashe salo ne da ke da suna a wajen masana, suna ce masa suriyalizim, wato zana abu yadda yake zuwa a mafarki. A Faransa aka kafa shi a 1924, kuma shi ne salon Salvador Dali ɗan ƙasar Sifaniya, wanda ya zana agogo yana narkewa kamar man shanu a rana.

Wa ya gina su? Nan ne labarin ya ba ni mamaki. Wata Baturiya ce 'yar ƙasar Ostiriya, Susanne Wenger, wadda aka haifa a 1915. Ta zo Najeriya da mijinta na lokacin, Ulli Beier, ta zauna a Ibadan da Ede da Ilobu, daga baya ta tare a Osogbo. Yarbawa suka sa mata Adunni Olorisha. Ta rasu a garin nan a watan Janairu na 2009 tana da shekara 93. Gidanta yana nan a titin Ibokun, da siffofi a gabansa, kuma na tabbata da yawanmu mun sha wucewa ta ƙofarsa da kaya ba mu san ko na waye ba.

Lokacin da ta zo, dajin yana kan hanyar ƙarewa. Gara ta cinye tsofaffin gine-ginen, ana sare itatuwa, ana farauta a ciki. Sai ta tara masu sana'ar hannu na gari, magina da kafintoci da masassaƙa, irin su Adebisi Akanji da Buraimoh Gbadamosi da Kasali Akangbe. Suna ɗaure rodi da ragar waya, su lulluɓe da siminti, su fitar da siffa. Duk wanda ya taɓa cakuɗa siminti a cikinmu ya san ba wasa ba ne ka tsayar da abu mai wannan tsayi a kan siraran ƙafafu, a dajin da ruwan sama ke dukansa mafi yawan shekara. A 1965 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa. A 2005 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Faɗinsa kadada 75. Kafin shi, wuri ɗaya tak Najeriya take da shi a wannan jeri, wato Sukur ta jihar Adamawa, tun 1999. Mutane suna tasowa daga Barazil da Kuba da Amurka don su ga wurin. Mu da muke kwana a gari ɗaya da shi, sunansa ma muna tsoron faɗa.

Yanzu ga masu cewa na yi ridda.

Ban durƙusa wa komai ba. Ban kai kaza ba, ban ɗebi ruwa ba, ban roƙi kowa komai ba. Ba lokacin bikinsu na watan Agusta na je ba, kuma ba zan je lokacin ba, domin wannan ibadarsu ce, ba tawa ba. Ba na ɓoye wa kowa cewa wurin har gobe wurin bauta ne ga masu shi, shi ya sa akwai sassan da ba a barin baƙo ya shiga, ni ma ban nemi shiga ba. Ban kuma ce sassaƙa siffa halal ne ba. Wannan fagen malamai ne, kuma ban kawo ko ɗaya cikin ɗakina ba. Na tsaya, na kalla, na tambaya, na dawo na yi sallata a kan lokaci. A ina imanina ya zube?

Ku ba ni amsa a kan waɗannan. Ɗalibanmu nawa suka yi karatu a Azhar suka dawo da hoto a gaban dalar Fir'auna da gunkin Abul Haul mai jikin zaki da kan mutum? Wa ya ce su sake shahada? Musulunci ya shiga Masar tun zamanin Sayyidina Umar, a hannun Amru ɗan Asi, kuma gunkin nan har yau yana zaune inda yake. A Kano wane yaro ne ba a koya masa labarin Barbushe da Tsumburbura a firamare ba? Muna hawa Dala muna ɗaukar hoto. Muna zuwa Daura mu leƙa rijiyar Kusugu, har mu sha ruwanta, muna ba da labarin macijiya. Kawunan yumɓu na Nok daga jihar Kaduna aka tono su, suna nan a gidan tarihi na Jos, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Duk wannan tarihi ne. To me ya sa idan na Bayarabe ne sai ya zama kafirci? Ku faɗi gaskiya, addini ne ke magana a nan ko raini?

Wani zai ce, to me za ka ƙaru da shi? Na ƙaru da sanin mutanen da nake zaune a cikinsu. Shekara goma sha bakwai ina ciniki da su, na san farashin komai da Yarabanci, amma ban san me ya sa garin yake cika maƙil a watan Agusta ba, ban san me ya sa sunan kogin ya zama sunan jihar ba. Ɗan kasuwar da bai san abin da abokin cinikinsa yake girmamawa ba, wata rana zai taka shi bai sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani kuma zai ce, ai Yarbawa Musulmi ma suna wa'azi a kan wurin. Gaskiya ne, Musulmi suna da yawa ƙwarai a Osogbo, kuma akwai malamansu da ba sa ga maciji da bikin. Amma su 'yan gari ne. Wanda ke limanci da wanda ke kaɗa ganga a bakin kogi sau da yawa kakansu ɗaya. Idan sun yi faɗa, na cikin gida ne, gobe za su haɗu a wajen suna. Kai da ka zo da jaka daga Arewa, kalma ɗaya irin tasu idan ta fito daga bakinka, ba za a ji ta a matsayin wa'azi ba. Za a ce Bahaushe ya zagi garin da ya ba shi masauki.

Wannan ya kawo ni kan yaron guduma. Ƙanena, na san wasa kake yi. Amma a wannan zamani na waya, wasan teburin mai shayi minti biyar ya ishe shi ya zagaye gari. Mun manta abin da ya faru a Sabon Ile-Ife a watan Maris na 2017? A jihar nan ne, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba. Hatsaniya ce ta mutane ƙalilan, ta koma gobara. An rasa rayuka da dama, an ƙone shaguna da gidaje, mutanenmu da aka haifa a can suka kwashe iyali suka gudu. Wanda ya furta magana ba shi kaɗai yake biyan kuɗinta ba. Mai wankin takalmi da mai turin ruwa da ba su san hawa ba su san sauka ba, su ne ake fara tarewa a hanya. Baki shi ke yanka wuya. Kuma tunda da addini aka zo mini, a koma a duba aya ta 108 a Suratul An'am, inda aka hana mu zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama a kan Ubangijinmu. Wanda ya kalla ya yi shiru da wanda ya zauna yana zagi, wa ya fi kusa da saɓa wa wannan umarni?

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi, wanda ba ma son a taɓo. Kogin nan da na gani launinsa kamar kunun kanwa. Haƙar zinariya da ake yi a ƙasar Ijesha, wajen Ilesha, tana zuba laka da guba a cikinsa, har a 2022 gwamnatin jiha ta gargaɗi masu zuwa biki kada su sha ruwan. Kowa ya san a cikin masu shiga ramukan nan akwai yaranmu da yawa daga Arewa. Ba su ne masu injuna ba, ba su ne masu kwashe ribar ba, amma fuskarsu ake gani. Kogin kuma ba na masu bauta ne kaɗai ba, ƙauyuka suna sha, suna wanka, suna kamun kifi, Musulminsu da Kiristansu. Mutanen da ake zargi da ɓata ruwa, su kuma a ji suna barazanar fasa gine-ginen bakin ruwan? Wannan ba ƙara wa wuta fetur ba ne?

Ba na cewa kowa ya je. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya zauna a gida, hakkinsa ne, ba zan ce masa bagidaje ba. Shi ma kada ya ce mini kafiri. Abin da nake roƙo guda uku ne. Shugabannin ƙungiya su ja kunnen matasa a kan irin wannan furuci, musamman idan Agusta ta gabato. Limamanmu su yi wa jama'a bayanin bambancin kallo da bauta, da hukuncin zagin addinin maƙwabci, maimakon a bar fatawa a hannun teburin mai shayi. Sannan Sarkin Hausawa da dattawa su zauna da yaranmu masu haƙar zinariya, su ji halin da suke ciki, kafin wasu su zo su yi mana maganar da ba za mu ji daɗinta ba.

Ƙanina ya koma Gusau ranar Talata. Ya ce zai nuna wa maginin unguwarsu hotunan, ya tambaye shi yadda aka yi simintin ya tsaya. Ni kuma ina nan a rumfata, duk mai ja da maganata ya zo mu zauna, shayin a kaina.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya kare mana imaninmu. Amin.