Kifinmu Da Ruwanmu: Ina Mahukunta?

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa! Tarwadar da aka kamo da asuba a Gulbin Zamfara, in babu ƙanƙara, kafin la'asar ta soma wari. To, ina ƙanƙarar? Ina lantarkin yin ta? Shiru kake ji. Amma ran kasuwa mai karɓar haraji ba ya makara.

Wannan ma kaɗan ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Tungar Daji, Dareta, Abare, 'Yargalma da maƙwabtansu. A cikin gida aka niƙa dutsen zinariya, a kududdufi aka wanke. Bagega kuwa sai 2013 aka kwashe mata ƙasar gubar, tana zaune tana jiran kuɗin gwamnati! Shin wa ya tako kasuwa ya gaya wa mai kifi cewa banda ba ta kashe dalma, tafasa ma ba ta fid da ita?

Mu ma da namu. Mai zuba Gamalin a gulbi, da mai fesa Sniper a busasshen kifi don ƙwari, guba suke sayar wa 'yan'uwansu. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwa. A feɗe kifi da wuri, a cire hanji, a sa gishiri, a yi banda ya bushe sarai.

Mahukunta kuma su auna ruwan kududdufanmu, su kafe sakamakon a bakin kasuwannin Anka, Bukkuyum da Gummi, da boko da ajami, kowa ya karanta.