Gudummawar Rana Ɗaya Ba Ta Riƙe Ciwon Kullum



Ba a san mu da rowa ba. In aka yi rasuwa, kafin a sallaci gawa an haɗa kuɗin likkafani. In aka kwantar da wani a asibiti, sanarwa ɗaya bayan sallar magariba ta wadatar. Sai dai akwai lalurar da wannan kyakkyawar al'ada ba ta iya ɗauka, wato ta yaron da ciwonsa ba ya tafiya, wanda kowane wata sai an sayo masa kayan jinya.

Mu ɗauki yaro mai ciwon sukari irin na ƙuruciya. Jikinsa ya daina samar da insulin, don haka dole a yi masa allura kullum har iyakar rayuwarsa. Kafin allurar kuma sai an san yawan sukarin da ke jininsa. Wannan yana bukatar na'urar awo, da 'yan tsinkayen gwaji waɗanda ba a amfani da ɗaya sau biyu, da sirinji, da wuri mai sanyi na ajiye magani. Yaron da aka daina gwadawa saboda tsada, allura ake yi masa a cikin duhu. In maganin ya yi yawa ya suma, in ya gaza jininsa ya gurɓace a kwashe shi ranga-ranga.

Tun 2003 Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, aka sake dokarta a 2012. Yaran da ba su kai shekara 18 ba an ɗauke musu kuɗin shekara, kuma insulin yana cikin jerin magungunan da katin yake biya. Wannan alheri ne, ba mu raina ba. Amma na'urar awo da tsinkayenta suna kan iyaye. Kati ya ba da doki, ya hana linzami.

Nan ne uwa takan fara sayar da zannuwanta, sannan ta taɓa jarin kokonta. In abin ya ci tura, sai a ɗauki hoton yaron a watsa a Facebook da WhatsApp tare da lambar MoMo. Kuɗi sukan shigo mako guda, sannan shiru. Hoton kuwa yana nan har yaron ya girma ya gan shi. Mun taimaka, amma mun yaye masa sutura.

Akwai ƙofofin da ya kamata a fara ƙwanƙwasawa. Na farko, a sabunta katin yaro kafin ya mutu, ana iya yi ta waya. Na biyu, manyan asibitoci irin su Korle Bu da Komfo Anokye suna da ofishin jin daɗin jama'a, aikinsa ke nan duba halin marasa ƙarfi. Na uku, a tambayi likitan yara a kan ƙungiyoyin agaji, kamar Life for a Child da ke tallafa wa yara masu ciwon sukari ta hannun asibitoci, da Diabetes Youth Care ta nan gida. Da yawa daga iyayenmu ba rashin haƙƙi ne ya hana su ba, Turancin takarda ne. A ba su ɗan makaranta ya raka su.

Abin da ya rage bayan wannan, namu ne. Ra'ayinmu shi ne kowane zango ya tsayar da asusu na dindindin don irin waɗannan yara, a ƙarƙashin idon sarki da limami da magajiya. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin adashi: kaɗan-kaɗan a kan lokaci ya fi mai yawa sau ɗaya. Gida hamsin, kowane ya ajiye sidi 10 ranar Juma'a, an sami 2,000 a wata. Masu fitar da zakka su tuna matalauta da miskinai ne aka fara ambata cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa, kuma gidan da jinya ta cinye yana cikinsu. Mai hali kuma yana iya mayar da hayar shago ɗaya wakafi.

Wani zai ce wannan nauyin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma wajibi ne sarakunanmu su matsa wa 'yan majalisarmu har a sa kayan gwaji cikin inshora. Amma sukarin yaro ba ya jiran zaman majalisa. Wani kuma zai ce an sha haɗa kuɗi suna ɓacewa. Maganin wannan tsari ne: mutum uku su sa hannu kafin a fitar da ko kwabo, a biya kantin magani kai tsaye, a karanta lissafi a masallaci duk wata uku. A faɗi adadi, a ɓoye suna.

Muna roƙon kowane sarkin zango ya sa wannan magana a zamansa na gaba, a fara da ƙidaya yaran a asirce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya albarka a abin da muka fitar.