Kaset-Kaset Na Dandali: A Ceto Muryar Ɗan Maraya

Duk wanda ya zauna da tsofaffin direbobi da teloli a Bauchi Road ko Gangare cikin Jos, ya san akwai muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masoyan marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya. Wasu sun fi son faifan da aka ɗauka a ɗakin ɗaukar murya, don ya fi fita tangaram. Amma na gindi-gindin masoyansa ba su haɗa kome da kaset ɗin da aka naɗa a wurin wasa ba, ko da kuwa yana shuu.

Hujjarsu mai ƙarfi ce. A faifai waƙa tana da iyaka, mintocinta ƙidayayyu ne. A dandali kuwa, jama'a ne ke jan akalar mawaƙi. In ya ɗauko Waƙar Karen Mota a gaban 'yan tasha, ko Jawabin Aure a gidan biki, sai a ji shewa da guɗa sun tashi, shi kuma ya ƙara baiti, ya sauya murya daga ta miji zuwa ta mata, kuntigi na amsa masa. Abin mamaki shi ne tsirkiya ɗaya tak da gwangwani rufe da fata su riƙe taro guda. Wannan ba ya bayyana sosai sai a kaset ɗin dandali.

Ba a Jos kaɗai a ke wannan ƙauna ba. A Amurka, ƙungiyar makaɗan jita da a ke kira Grateful Dead ta yi wasa fiye da sau 2,000 tsakanin 1965 da 1995. Maimakon ta hana masoyanta naɗar wasanninta, sai ta ware musu wuri na musamman a dandali tun daga 1984. Suka riƙa musayar kaset, suna rubuta rana da gari a jikin kowanne. Saboda wannan himma, yau dubban wasanninta suna ajiye a intanet, kowa na iya saurare.

To, ina na Ɗan Maraya? An haife shi a Bukuru cikin 1946, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Ya yi wa sojoji wasa lokacin yaƙin basasa, ya zaga ƙasashen duniya, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Duk da haka kaset-kaset na wasanninsa suna warwatse cikin akwatuna da ƙarƙashin gadaje, galibi babu ko kwanan wata a jikinsu. Zaren kaset kuwa ba ya jure danshin damina, kuma masu gyaran rakoda sai ƙara ƙaranci su ke yi. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Jos a 2002 ta isa darasi game da yadda dukiya ke salwanta cikin dare ɗaya.

Alhali kuwa magani yana bakin ƙofa. A Jos ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta ke, tare da ma'ajiyarta ta fim da sauti. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda aka ɗauka ya ɓace, an gano shi, aka gyara, har aka nuna shi a Berlin cikin 2018. Abin da ya yiwu ga fim zai yiwu ga kaset.

Saboda haka ya kamata hukumar da Jami'ar Jos su buɗe ƙofa, masu kaset su kawo, a kwafe, a mayar wa kowa da nasa. Mai kaset kuma ya faɗi inda aka yi wasan da shekarar, tun yana iya tunawa. Dattawan da suka halarci waɗannan wasanni su ne kaɗai za su iya shaida muryoyin da ke ciki, ga shi kuwa kullum raguwa su ke yi.

Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, ya sa a farga da wuri.