Motar Kwana a Sloveniya: Abin da Bidiyon Ya Ɓoye

Satin jarrabawa ne, an ɗauke wuta, muna zaune a bakin hostel sai wani ɗan ajinmu ya miƙo min waya. Bidiyon wasu Turawa ne, miji da mata, a cikin motar kwana: ƙaramar bas da aka mayar ɗaki, da gado da risho da ɗan firij, ga farantin sola a rufi. Sun buɗe ƙofar baya, tafkin Bled na gabansu, suna kurɓar shayi. Ya ce, "Wallahi wannan shi ne 'yanci. Inda dare ya yi maka, nan ne gidanka."

Ni ma sun burge ni, ba zan ɓoye ba. Sloveniya ƙaramar ƙasa ce da ke maƙwabtaka da Italiya da Ostiriya, faɗinta murabba'in kilomita 20,000 da 'yan kai, kusan daidai da Jihar Kano, mutanenta miliyan 2 da ɗoriya. Cikin 'yan awanni za ka ratsa ta a babbar hanya. Wanda ya ware mata sati biyu yana bin ƙananan hanyoyi, a ganina shi ne ya ga ƙasar.

Akwai hanyar da ma ko ka so gudu ba za ta bari ba, wato mashigar dutsen Vršič. Tsayinta mita 1,611, kwanoni 50 ne masu kama da lanƙwasar kirjin maciji, kowacce da lambarta a gefen titi. Da hunturu ƙanƙara kan rufe ta. Fursunonin yaƙi 'yan Rasha ne aka tilasta wa gina ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a 1916 zaftarewar ƙanƙara ta binne da dama daga cikinsu. Ɗan cocin katako da aka gina don tunawa da su yana nan a gefen hanya. Mai sauri sai dai ya gan shi ta madubi.

Inda na rabu da abokina shi ne batun "inda dare ya yi maka". Ba haka abin yake ba. A Sloveniya doka ta hana ka faka mota ka kwana inda ka ga dama, musamman a gandun Triglav da wannan hanya ta ratsa. Akwai sansanonin da aka tanada, ka biya ka kwana. Ka ƙi, tara ce.

Kuma dokar tana da gaskiya. 'Yan injiniya ku lissafa: motar tana ɗauke da tankin ruwan sha, da na ruwan wanke-wanke, da akwatin bayan gida. Duk wanda ya cika sai an juye shi. A ina? Idan kowane baƙo ya zaɓi bakin kogin Soča, wanda korensa ne ya jawo su tun farko, 'yan ƙauyen ne za su zauna da ƙazantar bayan masu kyamara sun wuce.

Na ce da shi ya nemo min wurin da suke juye akwatin a bidiyon. Ya ja gaba, ya ja baya, minti 18 cur, babu. Ya karɓe wayarsa, wai cajinsa ya kusa ƙarewa.