Sabon aiki a Lafiya, iyali a Abuja: wa ke ciyar da kyanwa?

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin Lafiya ke karɓar ma'aikatan tarayya, daga jami'an ma'aikatu da hukumomi zuwa malaman Jami'ar Tarayya ta Lafiya. Da yawa ba sa tahowa da iyali. Suna barin mata da yara a Kubwa, Nyanya ko Mararaba, su kama ɗaki ciki da falo, su riƙa bin hanyar Akwanga da Keffi kowace Juma'a, su koma da asubahin Litinin.

Lafiya garin doya ne da riɗi da agushi, kuma inda amfanin gona yake, ɓera ba ya nisa. Don haka sabon ma'aikaci kan nemo 'yar kyanwa. Da farko don ɓera aka kawo ta, daga baya ta zama ita kaɗai ke tarbarsa idan ya dawo ƙarfe tara na dare. Ranar Juma'a kuwa sai ya zuba mata ɗan tuwo da kan kifi, ya datse ƙofa, ya tafi. Kwana uku ke nan a ɗaki mai zafi, abinci ya lalace tun washegari, ruwan kwano ya ƙafe. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ba shi da maƙwabcin da zai bar wa mabuɗi, ko tagar da dabbar za ta fita ta dawo, gara ya sayi tarkon ɓera.

Amma halin kyanwar ɗan ɓangare ne na halin gidan. Mutumin da ya kasa tsara kwana ukun dabba, da wuya ya san ranar da aka kira taron iyaye a makarantar ɗansa. Sabon shiga aiki, musamman hadimin babban mutum, yana tsoron tashi kafin maigida ya tashi, ko da agogo ya wuce ƙarfe huɗu da doka ta yanka. Uwargida a Abuja ita ce mai kai yara makaranta, ita ce mai zaman asibiti. Tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, zirga-zirgar mako-mako ta koma wata-wata ga masu ƙaramin albashi.

A nan ne hakkin shugabannin ofis ya shigo. Dokokin aikin gwamnati sun tanadi kuɗin masauki na kwana 28 ga wanda aka ɗauka sabo ko aka sauya wa wurin aiki, domin ya sami sukunin neman gida. Idan kuɗin bai fito ba sai bayan watanni, tanadin ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Da ana biya a kan lokaci, da wasu sun kama gidan da zai ɗauki iyali tun farko, tunda haya a Lafiya ba ta kai ta Abuja ba, makarantu kuma akwai su. Daraktan da ke kiran taro da yammacin Juma'a shi ma ya san cewa rabin waɗanda ke gabansa tafiyar kusan awa uku ke jiransu, kuma cunkoson Mararaba zai tare su da dare.